Amsa: da gaske akwai gidan zuhudu da ke horar da makasa?

'Yar'uwa, kin tambaya ko da gaske a zamanin da akwai gidan zuhudu na mata da ke koya wa 'yan mata kisa da guba kamar yadda kika gani a littafin da kike karantawa. A'a wallahi, wannan ɓangaren ƙirƙira ce. Sistoci, wato matan Kirista masu zaman zuhudu, na wancan lokaci aikinsu addu'a ne da kwafar littattafai da jinyar marasa lafiya, amma fa sun san tsirrai sosai, ki duba Hildegard ta Bingen a Jamus da ta rasu a 1179, har littafin magunguna ta rubuta, kuma wanda ya san magani ai ya san guba.

Tunda kin ce labarin a Biritani ta yammacin Faransa yake, to nan kam tarihin gaskiya ne. An haifi Anne, 'yar mai mulkin Biritani, a 1477, babanta Francis na biyu ya rasu a 1488 ta gaji sarauta tana 'yar shekara 11, manya sun kewaye ta kowa na neman aurenta don ƙasar kawai, ƙarshe sojojin Faransa suka yi wa birnin Rennes na Biritani ƙawanya ta auri sarkin Faransa Charles na takwas a 1491. Yarinyar nan tana ba ni tausayi gaskiya.