Kunne ko Na'ura: Wa Ya Fi Iya Saita Piyano?

Tambaya: Wanda ya saba saita mini piyano da kunne kawai yake aiki. Kwanan baya wani ya zo, ya ɗora wayarsa a kan piyanon yana bin abin da take nuna masa. Da na farkon ya ji labari sai ya yi dariya, wai ɗan kallon talabijin na kira. Shin na biyun bai iya aikin ba ne?

Amsa: Malama, kwantar da hankalinki. Wannan zolaya ta daɗe tsakanin masu sana'ar, kuma masu na'urar ma ramawa suke yi, su ce mai kunne yana son wahalar da kansa. Amma zolayar tana da tushe.

Piyano na da maɓalli 88 da tsirkiyar ƙarfe kusan 230. Mai kunne yakan fara da wani ɗan ƙarfe mai ƙaho biyu, wanda in an buga shi yake ba da sauti guda tsayayye, da John Shore ya ƙirƙiro a Ingila a 1711, ya ɗauki sautin da ake kira A (da haruffan A zuwa G ake kiran sautukan piyano) mai girgiza 440 a daƙiƙa. Daga nan sai ya danna maɓalli biyu tare, ya kasa kunne ga yadda sautin ke rawa, wau-wau-wau, yana auna saurinsa. Tsakanin F da A na wajen tsakiya, kusan sau 7 ake so a daƙiƙa. Shekaru ake yi kafin kunne ya goge a kan haka, don haka ba na ganin laifinsu in sun yi alfahari.

Inda gizo ke saƙar shi ne, tsirkiyar ƙarfe tana da tauri, shi ya sa siraran sautukan da ke tafe tare da babban sautin sukan ɗan haura yadda lissafi ya ce, kuma kowane piyano da nasa gwargwadon. Dole a ɗan ɗaga sautukan sama, a ɗan sassauta na ƙasa. Wani masanin kimiyya, O. L. Railsback, ya auna wannan a 1938. Na'urorin farko irin su Stroboconn na kamfanin Conn ba sa yi wa mutum wannan lissafi, duk wanda ya bi su ido rufe sai piyano ya fito lami. A nan rainin ya samo asali. Na baya-bayan nan, irin su Accu-Tuner na Albert Sanderson, da CyberTuner, da Verituner, da TuneLab, sukan auna taurin tsirkiyar piyanon da ke gabansu tukuna. A wuri mai hayaniya, ko a piyanon da ya daɗe ba a taɓa ba har sautinsa ya zube, sun fi kunne sauri nesa ba kusa ba.

Abin da na'ura ba ta iya ba shi ne aikin hannu: a murɗa ƙusar da tsirkiya ke naɗe a kai, a zaunar da ita yadda ko an buga da ƙarfi ba za ta goce ba. Yawancin maɓallan kuma tsirkiya uku-uku gare su, kuma galibin masu na'urar ma da kunne suke haɗa ukun. A Amurka, jarrabawar ƙungiyar masu gyara da saita piyano, wato Piano Technicians Guild, ta wajabta saita tsakiyar piyano da kunne, amma da na'ura ake auna makin.

Ki gwada aikinsa da kanki. Danna maɓalli ɗaya ki riƙe, ki saurara har sautin ya mutu: in ya tafi sumul babu rawa, ukun sun haɗu. Ki yi kiɗa da ƙarfi, ki sake gwadawa bayan mako biyu. In har yana nan daram, ki riƙe lambar mai wayar.