Hoto mai zurfi da waya ɗaya: nawa zan gusa tsakanin ɗauka biyu?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni mai ɗaukan hoto ne a unguwar Birni nan Damagaram. Ina gwada hoton 3D da wayata, in ɗauka ɗaya in gusa gefe in ƙara ɗaya, amma wanda na yi ma ƙofar fada sam bai nuna zurfi ba, na kusa kuma ciwon kai yake sa ni. Nawa ya kamata in gusa, kuma da me ake kallo?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Tsakanin idanun babban mutum kusan santimita 6.5 ne, kowane ido na hango abu ta ɗan gefensa, ƙwaƙwalwa ta haɗa biyun ta fidda zurfi, aikin da kake son wayarka ta kwaikwaya kenan. Masu sana'ar suna da ƙa'idar 1 cikin 30: ka auna nisan abin da ya FI KUSA da kai cikin hoton, ka raba da 30. Ka lura na ce mafi kusa, ba wanda ka zo ɗauka ba, nan mutane suka fi yin kuskure. Abu na mita 2, ka gusa wajen santimita 6 zuwa 7. In kwano ne a gabanka santimita 60, to santimita 2 ya isa, in ka yi 6 nan ciwon kan naka ya fito. Ƙofar fada kuwa in kana tsaye mita 15 daga gare ta kuma ba kowa tsakaninku, rabin mita za ka gusa, ƙarancin gusawa ne ya sa taka ta fito a shafe. Sai dai in ka wuce gona da iri wajen gusawa ginin zai koma kamar ɗakin laka na wasan yara, duwatsun Birni ma haka za su ƙanƙance.

Ka gusa gefe sak, kar wayar ta hau ko ta sauka, kar ka karkato ta ciki. Kuma duk abin da ya motsa tsakanin ɗauka biyun, kabu-kabu ko akuya ko tuta, ya ɓata aikin, don haka hawan sallah sai da waya biyu a danna lokaci guda.

Kallo kuma, mafi arha shi ne tabarau mai ja a idon hagu, shuɗi-kore a dama, manhajar StereoPhoto Maker ta kyauta za ta haɗa maka hoton a kwamfuta. Amma yana cin launi, jan kayan dogarai ido ɗaya zai gan shi da haske ɗaya ya gan shi baƙi, abin ba daɗi, gara ka mai da hoton baƙi da fari kafin ka haɗa. Akwai kallo ba tabarau, ka sa hoton dama a hagu na hagu a dama ka harɗe ido har su zama uku, na tsakiya shi ne mai zurfin, wasu dai ba sa iyawa kuma kar a matsa ma ido. Ni na fi son akwatin kwali mai gilashi biyu da ake zura waya ciki irin Google Cardboard, launi na nan yadda yake, kuma jikan na'urar da masanin kimiyya Charles Wheatstone ya nuna a Ingila a 1838 ne. A cikinsa hoton hagu hagu yake zama, in ka musanya su na nesa zai dawo kusa.

In a babban allo za ka nuna ma jama'a, rage tazarar ƙasa da lissafin, don allo na girma bambancin hotunan biyu na girma tare da shi.