Wasana yana tafiya a laftof, a burauza kuma ya daskare

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibin kimiyyar kwamfuta ne a Zariya. Na rubuta wani ɗan wasa da C++, na yi amfani da SDL2 (mai kula da taga, sauti da maɓallai) da OpenGL (na zane a allo), kuma yana tafiya lafiya lau a laftof ɗina. Ina son abokaina su buga shi a waya ba sai sun sauke komai ba, shi ne na harhaɗa shi da Emscripten, manhajar da ke mayar da kod ɗin C++ abin da burauza za ta iya gudanarwa. Ya harhaɗu babu kuskure ko ɗaya, amma da na buɗe shafin sai baƙi ƙirin, can kuma Chrome ya ce shafin ya daina amsawa. Ina gizo ke saƙa?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ban ga kod ɗinka ba, amma na san akwai while(running) a cikin main ɗinka, yana karɓar abin da aka danna, ya zana, ya koma farko, har a rufe wasan. A laftof hakan daidai ne. A burauza kuwa layi ɗaya ake bi: kod ɗinka, da zana shafi, da sauraron taɓa allo, duk a kansa suke, kuma ba za a nuna abin da ka zana ba sai ka saki layin. Kai ka kafa bokitinka a famfon unguwa ka ƙi ɗagawa.

Ka kwashe abin da ke cikin while ɗin ka zuba a wani aiki na daban mai yin zagaye ɗaya tak ya dawo, sannan ka miƙa shi ga emscripten_set_main_loop(zagaye, 0, 1). Sifilin nan na nufin burauza ce za ta riƙa kiransa ta requestAnimationFrame, yawanci sau 60 a daƙiƙa. Na ce yawanci, domin akwai wayoyin da allonsu ke sabuntawa sau 120, kuma idan da yawan zagaye kake lissafa motsi, ɗan wasanka zai ninka gudu a kansu. Ka auna lokacin da ya shuɗe tsakanin zagaye biyu, ka yi lissafi da shi. SDL_Delay kuma, mai dakatar da wasa na ɗan lokaci, ka cire shi. Za ka ji ana cewa Asyncify, wani zaɓi na Emscripten, na barin mutum da while ɗinsa. Haka ne, sai dai fayil na ƙara nauyi, gudu na raguwa, ni dai ba na ba da shawararsa ga sabon wasa.

Ko ka gyara wannan, mai yiwuwa baƙin allon ya tsaya, kuma nan ne akasarin mutane ke karaya. Emscripten, wanda Alon Zakai ya fara a Mozilla, yana mayar da C++ ɗinka WebAssembly, wadda manyan burauzoji suka karɓa a 2017. Kiraye-kirayen OpenGL kuwa WebGL, hanyar zane ta burauza, yake tura wa, ita kuma ba OpenGL ɗin laftof ba ce. WebGL 1 ta 2011 a kan OpenGL ES 2.0 aka gina ta, WebGL 2 kuma a kan ES 3.0, wato irin ta wayoyi. Idan da tsohon darasi ka koyi zane, mai glBegin da glEnd, babu su a can. Akwai LEGACY_GL_EMULATION da ke kwaikwayonsu, amma faci ne, bai rufe ko'ina ba. Gara ka zauna ka koma zuba kusurwoyinka a buffer, wato ma'ajiyar katin zane, kana zane da shader, ɗan ƙaramin kod da katin zanen ke gudanarwa. Ka sa -sMAX_WEBGL_VERSION=2 wajen harhaɗawa, ka nemi ES 3.0 daga SDL, layin farko na kowane shader ya zama #version 300 es, na launi kuma ka ƙara masa precision mediump float. Mantuwa da wannan layi ɗaya ta taɓa cinye mini yini guda: shader ya ƙi harhaɗuwa, ni kuma ban sa kod ɗin ya faɗi dalili ba. Ka kira glGetShaderInfoLog, ka danna F12, maɓallin da ke buɗe wurin saƙonnin burauza, ka karanta abin da ya fito.

Hotuna da sauti ma ba za su bi ka da kansu ba, tunda shafi ba shi da izinin leƙa faifan kwamfuta. Da --preload-file za ka ƙunshe su a fayil mai ƙarewa da .data, kuma sai an sauke shi gaba ɗaya kafin wasa ya tashi. Abokanka da datarsu za su biya wannan, don haka ka rage girman hotunan, ka harhaɗa da -Os domin fayil ya ƙanƙance. Kada ka buɗe shafin ta danna fayil ɗin kai tsaye, ka yi amfani da emrun, ɗan kayan aikin Emscripten mai buɗe maka shafin a burauza. Sauti kuma ba zai fito ba sai mai wasa ya taɓa allo, dokar burauza ce, sai ka sa masa maɓallin "Fara" a shafin farko. Idan ka yi duk wannan allon bai haskaka ba, turo mini abin da F12 ya nuna maka.