Amsar tambayar Anti: wane hoto ne zai nuna kumburin hannun Umma

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Anti na ji saƙonki tun ɗazu, ina wurin aiki ne shi ya sa sai yanzu. Ga waɗanda ba su saurara ba, cewa ta yi an yi wa Umma tiyatar kansar mama shekara 2 da suka wuce, an cire mata kaluluwar hammata, yanzu hannun wannan ɓangaren ya kumbura yana mata nauyi, sun yi eksire an ce ba a ga komai ba, to wane hoto ne zai nuna. Allah ya ba Umma lafiya, ya sa kaffara ne.

Toh Anti, eksire dama ba zai nuna ba, shi ƙashi ya fi gani, don haka kar ki ɗauka wai tunda ya fito lafiya shikenan babu komai. Kinga banda jijiyoyin jini akwai wasu siraran hanyoyi a ƙarƙashin fata, aikinsu kwashe ruwan da ke tsattsafowa daga jini su mayar da shi, kamar magudana, kuma ta cikin kaluluwa suke bi. In an cire kaluluwar ko an gasa wurin da radiyeshin, wato hasken da ake ƙona kansa da shi, sai hanya ta toshe, ruwa ya rasa inda zai bi, ya taru a hannu. Shi ne limfodima. Kusan mace 1 cikin 5 da aka yi wa maganin kansar mama tana samunsa, wani lokacin sai bayan shekaru, ba wai Umma ta yi wani sakaci ba ne.

Kafin ma a zo kan na'ura, yawanci da tambaya da hannu ake gane shi. A ɗauko tef ɗin awo a zagaya hannun nan a zagaya wancan a wuri ɗaya, in bambanci ya kai santimita 2 an fara zargi, sannan a gwada tsunkular fatar gindin yatsa, in ta ƙi ɗagowa alama ce mai ƙarfi.

Hoton farko da ni nake so a yi mata shi ne sikanin na jijiyoyin jini, wanda ake ce wa dofla. Ba don shi ke tabbatar da limfodima ba, a'a, don a tabbatar ba gudan jini ne ya toshe jijiya ba, shi gudan jini ba ya jira. Kuma tunda tana da tarihin kansa dole likitanta ya duba hammatar da saman ƙirji, ko dai da sikanin ko da manyan na'urorin ɗaukar hoton cikin jiki, Si-Ti ko Em-Ar-Ai, a tabbatar ba ciwon ne ya dawo yana danne hanya ba. Ba tsorata ki nake ba wallahi, galibi ba shi ba ne, amma ba a tsallake wannan matakin.

Toh wanda ke nuna su hanyoyin da kansu sunansa limfosintigirafi, sunan da nauyi, ki sa likita ya rubuta miki. Allura ce 'yar ƙarama ake yi a tsakanin yatsu, hannu biyun duka don a kwatanta, a zuba wani sinadari mai ɗan radiyeshin, teknishiyam 99m, tana ɗan zafi na 'yan daƙiƙoƙi. Sai a sa hannun ƙarƙashin wata kyamara tana bin sinadarin yadda yake hawa, a ɗauka yanzu, a ce ta motsa hannu, a sake ɗauka, yakan ci awa 2 zuwa 4 don haka a je da shirin zama. A hannu mai lafiya za ki ga layi ya miƙe har hammata, a mai ciwon kuwa sai ya yi ta jan ƙafa, ko ya ƙi isa, ko ya dawo baya ya bazu cikin fata kamar an zubar da tawada. Radiyeshin ɗin kaɗan ne, duk awa 6 ƙarfinsa ke raguwa da rabi, sai dai mai ciki ko mai shayarwa ta faɗa tun kafin a fara. Matsalarsa hoton dishi-dishi ne, zai ce miki hanya ta toshe amma ba zai nuna siririyar hanya ɗaya-ɗaya ba, kuma sai asibitin da ke da sashen nukiliya, wato masu aiki da irin wannan sinadarin.

Akwai sabo a kan wancan, Ai-Si-Ji, ni shi ya fi burge ni gaskiya. Koren rini ne ake sa wa a cikin fata da allura, a haska da kyamarar infirared mai ganin hasken da ido ba ya gani, nan take kina tsaye kina kallon ruwan yana tafiya a allo, babu radiyeshin ko kaɗan, kuma yana kama ciwon da wuri tun kafin hannu ya yi girma. Likitocin Japan ne suka fi yin aiki a kansa, su suka rarraba yadda yake fitowa, layi miƙaƙƙe lafiya kenan, in ya koma ɗigo-ɗigo kamar taurari an fara lalacewa, in ya game ko'ina abu ya yi nisa. Amma zurfin santimita 1 zuwa 2 kawai yake gani, kuma akwai aidin a cikin rinin, wanda jikinsa ba ya karɓar aidin ya sanar da likita. Masu tiyatar haɗa hanyar ruwan da ƙaramar jijiyar jini shi suke amfani da shi su zana inda za su yanka.

Em-Ar-Ai kuma shi ke ganin ciki sosai, ya bambance ruwa ne ya taru ko ya riga ya zama kitse, don in ya zama kitse matsi kaɗai ba zai saukar da shi ba. Mai ciwon ƙoda ko mai batirin zuciya sai an yi shawara tukuna.

Af, wata ta tambaya kan ƙafa. Duk waɗannan ana yi a ƙafa, allurar ce ke komawa tsakanin yatsun ƙafa. Sai dai in ƙafa biyu ne suka kumbura tare a fara duba zuciya da ƙoda da hanta, in kuma ana zargin tundurmi gwajin jini ake yi, da dare ake ɗiba don lokacin ne 'ya'yan tsutsar da ke kawo shi ke fitowa cikin jini.

Anti roƙona ɗaya, kar ku zauna jiran hoto hannu yana ƙara girma. Da zarar dofla ya fito lafiya likita ya duba hammata, a kai ta wurin masu fisiyo a fara naɗin bandeji da safar matsi da tausa irin tasu da motsa jiki, a riƙa shafa mai kar fatar ta tsage. Kar a saya mata ƙwayar sa fitsari da sunan za ta janye ruwan, ba ta aiki a wannan. In kuwa kika ga hannun ya yi ja, ya ɗau zafi, ga zazzaɓi, ranar nan za ku tafi asibiti ko da dare ne. Ki turo min takardar tiyatar ta bayan fage in duba kaluluwa nawa aka cire, ki gaishe min da Umma da jiki.