Da gaske an taɓa yin "Sabuwar Sabiya" a cikin Yukren?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina duba taswirar wuraren da ake gwabza yaƙi a Yukren, sai na ga wani gari mai suna Slovianoserbsk. Wani abokina ya ce wai a da akwai lardi guda da ake kira Sabuwar Sabiya a ƙasar. Me ya kai Sabiyawa can, alhali ƙasarsu na yankin Balkan? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Abokinka ya faɗi gaskiya, kuma lardunan ma biyu ne. Akwai Sabuwar Sabiya da aka kafa a 1752 a yammacin kogin Dnipro, da Slavo-Sabiya da aka kafa a 1753 can gabas, tsakanin kogunan Bakhmutka da Luhan, hedikwatarta a Bakhmut. Garin da ka gani ya gaji sunansa ne daga ta biyun. Duka biyun daular Rasha ce ta kafa su, kuma a 1764 aka shafe su daga taswira.

Mutanen ba daga Sabiya suka taso kai tsaye ba. A 1690 dubban Sabiyawa suka gudu daga hannun Daular Usmaniyya, suka tsallaka arewa tare da shugaban cocinsu Arsenije na Uku, suka shiga ƙarƙashin sarakunan Habsburg na Ostiriya. Sarakunan suka zaunar da da yawansu a bakin kogunan Tisa da Maros, a kudancin Hangari ta wancan lokaci, bisa sharaɗi ɗaya: ga gona, ba ku da ubangida sai sarki, amma duk ranar da Turkawa suka motsa ku ne a gaba. Da iyaka ta ja kudu bayan yarjejeniyar sulhu da Turkawa ta 1718, wannan tsaro ya zama ba shi da amfani. Manyan masu filaye na Hangari suka matsa wa Sarauniya Maria Theresa ta Habsburg, ita kuma ta rushe tsarin wajen 1750 zuwa 1751. Mutumin da ya saba rataya takobi yana cin albashin sarki, yanzu an ce ya koma talakan wani mai gona. Wannan ne ya tunzura su.

Wani kanar mai suna Jovan Horvat ya je wurin jakadan Rasha a Biyana, ya ce zai kawo mayaƙa idan za a ba su ƙasa. Sarauniya Elizabeth ta Rasha ta karɓa hannu bibbiyu, don kudancin daularta fili ne fetal da Tatar na Kirimiya ke ratsawa suna kama bayi, ga shi kuma baƙin mabiya cocin Orthodox ne kamar Rashawa. A kakar 1751 Horvat ya isa Kiev da ayarin farko, mutum ɗari biyu da 'yan kai har da mata da yara. Wasu hafsoshi biyu, Jovan Šević da Rajko Preradović, ba su yarda su zauna ƙarƙashinsa ba, shi ya sa aka yanka musu nasu yankin a gabas.

Sabuwar Sabiya lardin soja ne zalla. Rundunar mahaya tana Novomyrhorod, inda Horvat ya zauna, ta sojojin ƙafa tana Kryliv. Kowane ƙauye rukunin soja guda ne, an kewaye shi da ganuwar ƙasa da rami, mazauna suna noma da makami a kusa. Wanda ya san ribaɗin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa a Wurno zai gane dabarar nan take. A kudu kuma aka fara gina sansanin Santa Elizabeth a 1754, wanda ya zama birnin Yelisavetgrad, yau Kropyvnytskyi.

Filin ba kango ba ne. Akwai manoma 'yan Yukren a wurin, aka tashe su aka tura su kudu don a ba baƙi wuri, su ma 'yan Kosak na Zaporozhiya, mayaƙan da ke zaune kudu da wurin, suna ganin an ci musu iyaka. Sa'annan Sabiyawan ba su zo da yawa kamar yadda Horvat ya yi alkawari ba, domin Ostiriya ta farga ta hana ficewa. Sai ya dinga cike gurbi da duk wanda ya samu: 'yan Moldoba da Walakiya masu magana da Romaniyanci, da Bulgeriyawa, da 'yan Yukren ɗin kansu. Cikin 'yan shekaru masu Romaniyanci suka fi Sabiyawa yawa nesa ba kusa ba. A ganina sunan lardin ya fi nuna asalin hafsoshinsa fiye da na talakawansa.

Horvat ya riƙe lardin kamar gadon gidansu. Ƙorafin cin kuɗin sojoji da zalunci ya yi yawa, aka tsige shi a farkon shekarun 1760, aka kore shi zuwa Vologda a arewacin Rasha. A 1764 Sarauniya Catherine ta Biyu ta narkar da lardunan biyu cikin sabon lardin Novorossiya. Tatar sun sake afka wa yankin a farkon 1769, suka ƙone ƙauyuka amma sansanin Elizabeth ya gagare su. Da Rasha ta haɗiye Kirimiya a 1783, ba sauran iyakar da za a tsare a nan.

Zuriyar Sabiyawan ta saje da maƙwabta tun da wuri, tunda addini ɗaya ne, harsunan kuma 'yan uwa ne. Amma in ka ƙara girman taswirar a jihar Kirovohrad za ka ga ƙauyuka irin su Pancheve, Kanizh, Nadlak, Martonosha, Subottsi da Moshoryne. Sunayen garuruwan da suka baro ne: Pančevo, Kanjiža, Martonoš, Subotica da Mošorin suna arewacin Sabiya ta yau, Nădlac kuma tana Romaniya a kan iyakar Hangari.