Ku Tambaya Mu Amsa: Me Ya Sa Sipirulina Ta Koɗe a Bazara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina kiwon sipirulina, wato gansakukar ruwa da ake shanyawa a ci, a kwamin siminti a Saga, nan Yamai. Tun shigowar Afrilu ruwan ya bar kore shar ya koma ɗorawa-ɗorawa, garinta kuma in an jiƙa shi ba ya ba da shuɗi kamar da. An ce mini in hana ta taki, in bar ta a rana, wai wahala ce ke ƙara mata launi. Haka ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Shawarar da aka ba ka gaskiya ce, amma ba ga sipirulina ba. Akwai gansakuka mai suna Haematococcus wadda in an hana ta azot, wato sinadarin naitirojin da ke cikin taki, aka ƙara mata haske da gishiri, sai ta rikiɗa ja jawur, ta tara jan launi mai suna astazantin. Haka Dunaliella ta ruwan gishiri da ake kiwo a Ostireliya take tara beta-karotin, launin da ke cikin karas. Waɗannan launuka garkuwa ce daga rana. Shuɗin sipirulina kuwa, wato fikosiyanin, furotin ne da take kama haske da shi, kuma rumbun azot ɗinta ne. Duka suna cikin sinadaran da ke kare ƙwayoyin jiki daga lalacewa, amma in yunwa ta kama sipirulina, shuɗin ne farkon abin da take cinyewa. Shi ya sa ruwanka ya koɗe.

Fara da inuwa. Ta fi jin daɗi a digiri 35 zuwa 37. Daga 40 zuwa sama lafiyarta na cikin haɗari, kuma kwamin da ba rumfa a Afrilun Yamai ba ya wuyar kaiwa can. Kafa rumfar zana ko raga da za ta tare kusan rabin rana, musamman daga hantsi zuwa la'asar. Bar zurfin ruwa santimita 20, a riƙa motsa shi, don kada na sama ya ƙone na ƙasa ya rasa haske. Ruwan da ya ƙafe a cike shi da ruwa zalla kowace yamma, in ba haka ba kanwa da gishiri su yi kauri.

Sai taki, kuma nan ne aka fi yin ɓarna. Kowane kilo na busasshiyar sipirulina yana fita da azot kusan giram 100. Takin uriya kashi 46 cikin ɗari azot ne, ke nan kilo guda na girbi yana bukatar a mayar da uriya fiye da giram 200. Kada ka zuba shi gaba ɗaya. A ruwan kanwa irin na kwamin sipirulina uriya takan koma amoniya, mai kashe kwami cikin kwana guda. Narka shi, ka raba kaɗan-kaɗan kowace safiya, ka dakata da zarar ka ji wari mai hawa hanci. Takin nitirat ya fi tsada, amma ya fi aminci: giram 2 a lita ga sabon ruwa.

Ka riƙa auna pH, wato ma'aunin tsami ko kanwar ruwa, da takardar awo. Tsakanin 9,5 da 10,5 ake so. In ya haura 11, rage tsohon ruwa ka ƙara bikarbonat.

Kada kuma ka yi saurin girbi. Nutsa farin faifai a ruwan: in ya ɓace wa ido a santimita 2 zuwa 3, lokaci ya yi. Ruwa mai kauri yana yi wa kansa inuwa, shuɗin ya ƙaru. Girbe da sassafe.

Abin da ya fi ba mu takaici shi ne a yi kiwo mai kyau a ɓata shi wajen shanya. Fikosiyanin yana fara lalacewa in zafi ya wuce digiri 45, hasken rana ma yana cin sa. Matan Kanembu na tafkin Cadi kan shanya sipirulinarsu, da suke kira dihe, a kan yashi cikin rana, kuma ya wadatar ga miya, amma mai neman shuɗi ba zai bi wannan hanya ba. Matse ƙullin sosai, ka fitar da shi siriri kamar taliya a kan raga, a inuwa mai iska, ya bushe a yinin, sannan ka adana a leda marar shigar haske.

Gwaji: jiƙa ƙaramin cokali na garin a kofin ruwa, ya kwana a firji. In ruwan saman ya fito shuɗi kamar na marina, gyaran ya kama. In har yanzu fari-fari ne, fara binciken daga wurin shanya.