Ɗana ya yi fitsarin kwance a gadon otal, yaya ya kamata in yi?

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Ni uwa ce mai 'ya'ya uku, muna zaune a Agege. Kwanakin baya aka yi bikin ƙanwar maigidana a can wajen Aja, kuma da yake gosulon hanya ba zai bar mu mu riƙa zuwa muna dawowa kullum ba, sai ya kama mana ɗaki na kwana biyu a wani otal kusa da wurin bikin. A daren ƙarshe ɗana na tsakiya, mai shekara 7, ya yi fitsarin kwance a kan gadon. A gida ma yakan yi kamar sau biyu a mako, amma a can muna da ledar da muke shimfiɗa masa. Da asuba na ga abin da ya faru, kunya ta rufe ni, sai na ja bargo na lulluɓe wurin, na fesa turare, muka tattara kayanmu muka fita ban ce wa kowa komai ba. Da yamma aka kira maigida aka ce an riƙe kuɗin ajiyar da ya bayar saboda katifar ta lalace. Ransa ya ɓaci, ya zane yaron a gaban yayansa da ƙanwarsa, kuma tun daga ranar abin ya ƙaru. Da Babbar Sallah za mu Kano a mota, za mu kwana a Ilori. Me ya kamata in yi idan ya sake faruwa, kuma shin yaron nan yana da wata cuta ne?

Wata uwa, daga Agege

AMSA

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya shirya mana zuri'a. Zan fara da maganar otal, domin ita ce ta fi damunki a yanzu, sannan in dawo kan yaron da mahaifinsa.

Abin da ya lalata katifar nan ba fitsarin kaɗai ba ne, sa'o'in da ya ɗauka a lulluɓe ƙarƙashin bargo su ne suka yi ɓarnar. Fitsari yana fara wari mai ƙarfi ne bayan ya jima, lokacin da ƙwayoyin bakteriya suka fara narkar da sinadarin da ke cikinsa yana komawa amoniya, kuma duk tsawon wannan lokacin yana ƙara nutsewa cikin soson katifa. A Kano lokacin hunturu za a iya jingine katifa a rana ta bushe kafin la'asar, amma iskar Legas cike take da laima, musamman a unguwannin da ke bakin teku da kuma watannin damina, don haka katifar da ta sha ruwa takan kwana biyu ba ta bushe ba, har ta fara funfuna. Da kin sanar da su tun da asuba, mai yiwuwa wankin zanin gado da goge saman katifa ne kawai za a yi. Ma'aikatan gyaran ɗaki a otal sun saba da wannan, domin duk otal ɗin da ke karɓar iyalai yana ganin fitsarin yara da amai da shayin da ya zube, kuma da yawa suna sa wa katifunsu rigar da ruwa ba ya ratsawa. Abin da ke ɓata musu rai shi ne su yaye bargo da tsakar rana, baƙo na gaba yana jira a ƙasa, su tarar da abin da aka ɓoye musu.

Akwai kuma hakki a cikin lamarin. Fitsari najasa ne, kuma a wurin malamanmu na Malikiyya bushewa kaɗai ba ta kawar da hukuncinta, sai an wanke da ruwa mai tsarki. Wanda zai kwana a gadon bayanki yana iya zama Musulmin da zai kwanta da gumi a jikinsa, ya tashi ya yi sallah da tufafin da ya kwana da su. Sanar da ma'aikata amana ce tsakaninki da mutumin da ba za ki taɓa gani ba, kuma turare ba ya sauke ta.

Idan abin ya sake faruwa a Ilori, ki fara da yaron kafin gado. Ki tashe shi a hankali, ki kai shi banɗaki ya ƙarasa abin da ya rage, ki ɗauraye masa jiki da ruwa mai ɗumi idan akwai, ki canza masa kaya, ki mayar da shi wuri busasshe ya ci gaba da barcinsa, ba tare da faɗa ko tsaki ba. Bayan haka ki yaye zanin gadon da duk abin da ya jiƙe ki naɗe su wuri guda a banɗaki. Ki ɗauki tawul busasshe ki ɗora a kan wurin ki danna da ƙarfi, ki juya shi ki sake dannawa, har sai ya daina ɗaukar ruwa. Kada ki goga, domin gogawa tana tura fitsarin cikin soso ne, kuma kada ki kwara ruwa da yawa a kan katifa da niyyar tsarkakewa, tunda ba ki da hanyar fitar da shi a cikin ɗakin otal. Kada ki sa abin busar da gashi ko dutsen guga, zafi yana kama warin a jikin yadi. Kada kuma ki zuba Hypo ko wani ruwan bilic, domin yana cinye launin katifa, kuma idan ya haɗu da amoniyar fitsari yana fitar da iskar da ke yin yaji a ido da maƙogwaro, abin da ba a so a rufaffen ɗaki mai yara. Sai ki ɗaga waya ki kira teburin karɓar baƙi, ko da ƙarfe uku na dare ne, ki ce yaro ya jiƙa gado kina buƙatar wani zani da tawul. Jimla ɗaya ce, ba sai kin yi dogon bayani ko yawan ba da haƙuri ba. Ki yi wannan maganar inda yaron ba zai ji ba, kuma idan ma'aikaciya ta zo da safe ki sa mahaifinsa ya fita da shi karin kumallo. Ɗan abin hasafi ga wadda ta yi aikin ya dace, ki ba ta hannu da hannu.

Game da kuɗin da aka riƙe, idan da gaske katifar ta lalace otal yana da hujjar neman diyya, amma maigida yana da damar ya nemi a rubuta masa abin da aka caje shi da dalilinsa, domin kuɗin wanki daban, kuɗin sabuwar katifa daban. Wanda ya ga an wuce gona da iri yana iya kai ƙorafi ga hukumar kare haƙƙin masu saye ta Jihar Legas, wato LASCOPA, ko ta tarayya, FCCPC. A nawa ganin wannan karon ku bar shi ya wuce, tunda ba a sanar da su ba, amma nan gaba ku tambayi ƙa'idar kuɗin ajiya tun lokacin karɓar makulli.

Shirin tafiya ya fi duk wannan sauƙi. Ledar nan da kike shimfiɗa masa a gida ki naɗe ta ki sa a jaka, tare da tsohon zani guda biyu, kayan barci na canji, da babbar leda ta zuba jiƙaƙƙun kaya. Manyan kantuna da kemis a Ikeja da kewaye suna sayar da shimfiɗar da ake yarwa bayan amfani, irin wadda ake sa wa masu jego, da famfas na manyan yara mai kama da ɗan kamfai. Idan za ki sa masa famfas, ki yi shawara da shi a keɓe, ya sa da kansa a banɗaki a ƙarƙashin wando, kuma kada 'yan'uwansa su sani. Ki bar fitilar banɗaki a kunne ki nuna masa hanya kafin ya kwanta, domin yaron da ya farka a baƙon ɗaki cikin duhu yakan ji tsoron sauka daga gado. Ki rage sanyin na'urar sanyaya ɗaki, sanyi yana ƙara yawan fitsari.

Batun abin sha yana buƙatar lissafi. Likitocin yara suna ƙiyasta abin da mafitsarar yaro ke iya riƙewa ta hanyar ƙara 1 a kan shekarunsa a ninka da mililita 30, wato na ɗanki kusan mililita 240 ke nan. Ledar fiya wata guda ɗaya mililita 500 ce, ta ninka wannan har da ɗoriya. Ki tuna abin da yaro ke sha a wurin biki daga magariba zuwa sha ɗaya na dare: lemon kwalba, zoɓo, kunun aya, ga Coca-Cola da shayi waɗanda ke ɗauke da sinadarin kafeyin (caffeine) mai ƙara fitsari, sannan ya kwanta a gajiye liƙis. Ba abin mamaki ba ne abin ya faru a daren ƙarshe na biki. Gyaran shi ne ya sha ruwa sosai da safe da rana, a rage daga bayan abincin dare, ya yi fitsari sau biyu kafin barci, ɗaya bayan isha'i ɗaya daf da kwanciya. A doguwar tafiyar mota iyaye sukan hana yara ruwa da rana don gudun yawan tsayawa, sai yaran su isa masauki da ƙishirwa su rama da dare, wanda shi ne akasin abin da ake so. Gara ku tsaya a Ibadan da Ogbomosho ya sha ya zubar.

Yanzu ga tambayarki ta biyu. Likitoci ba sa ma ɗaukar fitsarin kwance a matsayin matsala kafin yaro ya cika shekara 5. A wannan shekarun kusan yara 15 cikin 100 suna yi, a shekara 10 ya ragu zuwa kusan 5 cikin 100, a shekara 15 kuma saura 1 ko 2. Kowace shekara kusan 15 cikin 100 na masu yin suna dainawa da kansu ba tare da magani ba, kuma ya fi yawa ga maza. Dalilansa sanannu ne. Jiki yana fitar da wani sinadari da dare wanda ke sa ƙoda ta rage haɗa fitsari, kuma a wasu yaran wannan tsarin yana jinkirin kankama. Wasu mafitsararsu ba ta riƙe da yawa. Yawancinsu kuma barcinsu yana da nauyin da saƙon cikar mafitsara ba ya tashe su. Gado yana da ƙarfi a ciki ƙwarai: idan ɗaya daga cikin iyaye ya yi a yarintarsa, kusan yara 4 cikin 10 sukan yi, idan duka biyun ne kuwa ya kai 3 cikin 4. Da za ki tambayi surukarki cikin hikima, ko mahaifiyarki, mai yiwuwa ki ji labarin da zai sassauta fushin gidan.

Babu lalaci ko ganganci a cikin wannan, yaron yana barci ne lokacin da abin ya faru. Shi ya sa duka ba ya magani, haka ma kiran yaro amalala, ko tara yaran unguwa su yi masa waƙa kamar yadda aka yi wa da yawa daga cikinmu. Kin gani da idonki cewa bayan dukan abin ƙaruwa ya yi. Ki zauna da maigida lokacin da hankalinsa ya kwanta, ba a gaban yara ba, ki tuna masa da hadisin balaraben ƙauyen da ya yi fitsari a masallacin Madina, sahabbai suka taso masa, Manzon Allah (SAW) ya hana su katse shi, ya sa aka zuba guga na ruwa a wurin, sannan ya yi masa bayani da taushi. Wancan babban mutum ne idonsa biyu a cikin masallaci, wannan kuwa yaro ne mai barci, wanda shari'a ta ɗauke masa alƙalami ta fuska biyu. Kalma ɗaya mai daɗi daga bakin uban za ta yi wa yaron aikin da taki goma ba za su yi ba, domin daga hannunsa dukan ya fito. Yayansa da ƙanwarsa kuma a ja musu kunne cewa maganar ba ta fita daga ɗaki, balle a Kano inda 'ya'yan dangi za su cika gida.

Duk da haka, tunda ya kai 7 kuma abin yana damunsa, ina ba ki shawara ki kai shi a duba shi kafin Sallah. Asibitin gwamnati mafi kusa da ku zai iya yin gwajin fitsari, idan kuma ana buƙatar ƙwararru akwai sashen yara a asibitocin koyarwa na LASUTH da ke Ikeja da LUTH da ke Idi-Araba. Ki gaya wa likita idan yaron yana kwana biyu ko uku bai yi bayan gida ba ko yana yi da ƙyar, domin hanjin da ya cika yana danne mafitsara, kuma sau da yawa gyara wannan kaɗai yana rage matsalar. Ki ambata idan yana minshari mai ƙarfi, ko yana jiƙa wando da rana, ko yana jin zafi wajen fitsari, ko an ga jini a ƙarshensa, wanda ke iya zama tsargiya ga yaron da ke wanka a rafi ko kududdufi lokacin hutu. Yawan ƙishirwa da yawan fitsari tare da rama suna buƙatar gwajin suga cikin gaggawa. Haka kuma yaron da ya daina har wata 6 sannan ya dawo yana yi, dole a nemi dalili, ko ciwo ne ko wata damuwa. Idan ba ku san nau'in jininsa na gado (genotype) ba a gwada, domin masu sikila ƙodarsu ba ta iya tace fitsari ya yi kauri, fitsarin kwance ya yi yawa a cikinsu, kuma su ba a rage musu ruwa ko kaɗan, rashin ruwa yana tayar musu da ciwo.

Akwai maganin da ake kira desmopressin, wanda ke yin aikin sinadarin nan na dare, kuma likitoci sukan rubuta shi musamman don irin wannan kwanan waje. Kada ki saya a kemis da kanki. Yana da sharaɗi mai tsauri cewa yaro ba zai sha ruwa ba daga awa 1 kafin shan maganin har awa 8 bayansa, domin ruwa mai yawa tare da shi yana iya tsinka gishirin jini har ya kai ga farfaɗiya, kuma ba a ba yaron da ke amai ko gudawa. Idan likita ya rubuta, za a fara gwada shi a gida na wasu kwanaki don a ga ko yana yi masa aiki, saboda haka ki je asibitin da sauran makonni kafin ranar tafiya.